Ku Tambaya A Amsa: Wai Me Ya Sa Musulunci Ya Bazu Da Sauri Haka A Farkonsa?

Assalamu alaikum jama'a. A wannan fitowar tambayoyin da suka taru kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato yadda aka yi addinin da ya fara da mutum ɗaya a Makka a shekarar 610 ya kai ga mulkin ƙasa tun daga Andalus (Sifaniya da Fotugal na yau) har Sindi (a Pakistan ta yau) kafin a cika shekara 100 da wafatin Manzon Allah (SAW). Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, akwai wani abokin karatuna da ba musulmi ba, kullum sai ya ce min ai da takobi aka yaɗa addininku, ni kuma in ce masa ƙarya ne ba a taɓa yin yaƙi ba sai na kare kai, to sai ya jero min su Yarmuk da Ƙadisiyya da cin Masar sai in rasa ta cewa. Don Allah me zan ce masa?

AMSA: Ɗan'uwa da farko dai ka daina musa abin da yake a rubuce. An yi yaƙe-yaƙen nan, kuma malamanmu na tarihi irin su Ɗabari da Balazuri su ne ma suka fi kowa kawo labarinsu dalla-dalla. Yarmuk a 636 aka yi shi, Khalid bin Walid ya karya rundunar Rumawa, Ƙadisiyya ma a tsakanin nan ne Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ci Rustum da rundunar Farisa, Amru bin Asi ya shiga Masar a ƙarshen 639 kafin 642 ta fita Iskandariya ta miƙa wuya, a 711 kuma Ɗariƙu bin Ziyad ya haye Andalus a daidai lokacin da Muhammad bin Ƙasim yake can Sindi. Ba a ƙofar Madina aka yi waɗannan ba balle ka ce duk tare hari ake yi. In ka musa su abokinka zai ga kamar ba ka san tarihinka ba, sai ya toshe kunne daga sauran maganar, alhali sauran maganar ce mai nauyi.

Abin da za ka nuna masa shi ne, cin ƙasa daban, musuluntar mutanen ƙasar daban, kuma tsakanin biyun akwai ɗaruruwan shekaru. Sarauta ta sauya hannu cikin shekara goma zuwa ashirin, amma manomin Masar bai fasa zuwa cocinsa ba, bamajushen Farisa bai kashe wutarsa ba, bayahuden Iraki yana nan da makarantunsa. Masana sun ƙiyasta cewa lokacin da daular Banu Umayya ta faɗi a 750, sama da shekara 100 kenan bayan Yarmuk, musulmi a waɗannan ƙasashe ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. To in da takobi a wuya aka shigo da mutane, ta yaya za a shekara 100 ana mulki amma tara cikin goma suna nan kan addinin iyayensu?

Akwai wani masanin tarihi ɗan Amurka, Richard Bulliet, da ya yi wata dabara a binciken da ya fitar a 1979, ya bi nasabar malaman Farisa da ke cikin littattafan tarihin malamai yana duba inda sunan kaka ya tashi daga na Farisanci ya koma na musulmi, da haka ya nuna cewa shigar mutane a hankali ta fara sannan ta yi ƙarfi sosai a ƙarni na 9 da na 10. Kai ma za ka iya gwadawa da sunan da ka sani. Imamul Bukhari sunansa Muhammad bin Isma'il bin Ibrahim bin Mugira bin Bardizba. Shi Bardizba bamajushe ne kuma a haka ya mutu, ɗansa Mugira ne ya musulunta a hannun gwamnan Bukhara, Yamanul Ju'ufi, shi ya sa ake ce wa Bukhari Alju'ufi. An haifi Bukhari a 810. Ka ga gida ɗaya, uba na kan addininsa ba wanda ya taɓa shi, ɗa ya shigo, tattaɓa-kunnen ɗan kuma ya zama wanda duk duniya ke karanta littafinsa na hadisi.

Sannan ka duba tsarin Sayyidina Umar. Bai bar sojoji sun bazu cikin garuruwan mutane ba, sansani aka kafa musu daban, Basra da Kufa a Iraki, Fusɗaɗ a Masar, ya kuma ƙi raba gonakin Iraki ga mayaƙa, ya ce a bar su a hannun masu nomansu su riƙa biyan haraji. Da ya karɓi Ƙudus daga hannun babban limamin kiristoci Safroniyus wajen 638, amana ya rubuta musu kan rayukansu da dukiyarsu da coci-cocinsu. Ayar "la ikraha fid din", wato babu tilas a addini, tana nan a Baƙara aya ta 256, kuma da ita malaman fiƙihu suka kafa hujja kan cewa ba a tilasta wa mai amana, wato wanda ba musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar musulmi.

Amma fa kar ka ce masa ba a taɓa yin tilas ba ko sau ɗaya. Akwai sarakunan da suka ƙetare iyaka, Alhakim na daular Faɗimiyya ya rushe babbar cocin Ƙudus a 1009 ya takura wa kiristocin Masar, daular Muwahhiduna ma a ƙarni na 12 sarakunanta sun matsa wa yahudawa da kiristoci a Magrib da Andalus. Kuma da yawa sun shigo ne ta hanyar zama bayin yaƙi, mahaifin Hasanul Basri da mahaifin Ibn Sirin duk kamammu ne. Ka faɗi wannan da bakinka kafin ya faɗa, sannan ka tambaye shi, in wannan ne tsarin yau da kullum me ya sa har yau akwai miliyoyin Kibɗawa kiristoci a Masar bayan kusan shekara 1400?

TAMBAYA: Malam wani lakcara ya ce mana sa'a kawai Larabawa suka taka, wai Rum da Farisa sun gama cinye juna da yaƙi, bango ne ya tsage suka samu wurin shiga. Gaskiya ne?

AMSA: Rabin maganarsa gaskiya ce ɗan'uwa, bangon kam ya tsage. Daga 602 zuwa 628 daulolin nan biyu suna gwabzawa, shekara 26. Farisa ta ƙwace Ƙudus a 614, ta ƙwace Masar, shi ne ma abin da farkon Suratur Rum ke magana a kai, daga baya Hiraƙal sarkin Rum ya juyo ya ci su a Ninawa a 627. Aka kashe Kisra sarkin Farisa a 628, ɗansa ne ma ya sa aka kashe shi, daga nan gadon sarautar Farisa ya zama abin wasa, cikin shekara huɗu sarakuna sun kusa goma har da mata biyu, kafin a naɗa Yazdajird yana yaro a 632. Baitulmali ya bushe, ga annoba da ta yi ta dawowa tun 541. Su kuma Rumawa ba su fi 'yan shekaru da karɓo Sham da Masar ba sai ga musulmi, akwai samarin da suka tashi ba su ma san mulkin Rum ba.

Ƙari a kan haka talakawan ba sa tare da sarakunansu. Tun taron limaman coci na Kalsidon a 451 kiristocin Masar da da yawa na Sham suka raba gari da cocin sarki kan yadda za a fahimci Annabi Isa (AS), ana ta takura musu, har shugaban Kibɗawa Binyaminu ya shekara sama da goma a ɓoye, sai da Amru bin Asi ya ba shi amana ya fito. Mutumin da aka yi wa haka ba zai ba da ransa don kare wanda ya kore masa limami ba. Ita ma Farisa da hannunta ta rushe masarautar Hira a 602, wadda Larabawa ne da ke tsare mata iyakar hamada.

Inda ban bi malaminku ba shi ne kalmar "kawai". Ai su ma musulmin ba a hutu suka fito ba, yaƙin ridda suka gama, wanda a Yamama kaɗai mahaddata da yawa suka yi shahada har abin ya sa Abubakar ya ba da umarnin tattara Alƙur'ani. An ci su a yaƙin Gada a 634. Annobar Amwas ta kashe Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal da dubban sojoji, a wannan tsakanin kuma yunwa ta auka wa Hijaz. Kuma ba su kaɗai ne maƙwabtan daulolin ba, ƙabilun Abar da Sulab na gabashin Turai sun kewaye Kusɗanɗiniya, babban birnin Rum, a 626, yau ina daular Abar ɗin? Tsagewar bangon kowa ya gan ta, amma waɗanda suka shiga suka zauna suka kafa abin da ya ɗore su ne waɗanda aka riga aka haɗa kansu a kan aƙida ɗaya da shugaba ɗaya, mutanen da shekara 20 kafin nan ƙabila ba ta jin maganar ƙabila.

Wani abin da nake so ka riƙe, a tarihi galibi mayaƙan da suka ci ƙasar da ta fi su wayewa su ne suke narkewa cikin addinin mutanen ƙasar. Ƙabilun Jamus da suka mamaye yammacin Rum kiristoci suka zama, Mongol da suka rushe Bagadaza a 1258 kafin ƙarnin ya fita sarkinsu Gazan ya musulunta a 1295. Larabawa kuwa su ne 'yan tsiraru a Sham da Masar da Iraki, amma addininsu da harshensu ne suka rinjaya. Sa'a ba ta bayyana wannan.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, na daɗe ina karanta filin nan. Abin da ke damuna da 'yan boko shi ne kullum maganar siyasa da haraji da gajiyar Rumawa, kun manta cewa nasara daga Allah take. Malam kar ka bi sahunsu.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na gode da wannan tunatarwa. Ni ma a kan haka nake, nasara daga Allah take, sai dai Allah da kansa ya sanya wa abubuwa sababi, Manzon Allah (SAW) ya sa sulke biyu ran Uhudu, ya haƙa gwalalo ran Ahzab bisa shawarar Salmanu. Ambaton sababi ba musun taimakon Allah ba ne. Amma Baba ka yi gaskiya a wani wuri mai muhimmanci, duk wanda ya fara labarin daga Yarmuk ya tsallake asalin maganar, don kafin a samu runduna sai da aka samu mutanen da suka yi imani ba tare da runduna ba.

Shekara 13 aka yi a Makka ba gwamnati ba soja ba ganima. Me Bilal ya samu ban da dutse a ƙirji cikin zafin rana? Sumayya kashe ta aka yi. An ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara uku ba a saye ba a sayarwa da su har ana jin kukan yara don yunwa. Masu kuɗin cikinsu irin su Abubakar da Usman da Abdurrahman bin Aufu asara suka shiga yi da shigarsu. To me ya ja su? In ana son amsa daga bakinsu a duba jawabin Ja'afar bin Abi Ɗalib gaban Najjashi bayan hijirar Habasha, ya ce mun kasance muna bautar gumaka muna cin mushe muna yanke zumunta mai ƙarfi yana cinye mai rauni, sai Allah ya aiko mana Manzo daga cikinmu wanda muka san nasabarsa da gaskiyarsa da amanarsa, ya umarce mu da kaɗaita Allah da faɗin gaskiya da riƙon amana da sada zumunta. Wato saƙon ne da kuma halin wanda ya zo da shi.

Ga kuma Alƙur'anin kansa, a wurin mutanen da ba abin da suke ji da shi kamar iya magana. Umar da takobi ya fita, ayoyin farkon Ɗaha ya karanta a gidan ƙanwarsa ya sauya. Ɗufailu bin Amru mawaƙi ne, auduga ya cusa a kunne don kar ya ji, ƙarshe ya ji ya koma ya kira ƙabilarsa ta Dausu.

Madina kuwa, wallahi in ana maganar takobi ita nake fara tunawa, don ba a ci ta da yaƙi ba. Saurayi ɗaya aka tura, Mus'abu bin Umair, yana bin unguwa-unguwa yana karanta wa mutane Alƙur'ani har Sa'ad bin Mu'azu da Usaidu bin Hudair suka karɓa mutanensu suka biyo su. Ausu da Khazraju sun gaji da zubar da jinin juna, yaƙin Bu'asu ya cinye manyansu, suna neman abin da zai haɗa su wanda ya fi ƙarfin ƙabila, sai ga shi ya zo. Lissafin da ya fi burge ni shi ne na Hudaibiyya, a 628 mutum wajen 1,400 ne suka raka Manzon Allah (SAW), aka yi sulhu aka ajiye makami mutane suka samu damar cuɗanya da jin magana, bayan shekara biyu kacal ran buɗe Makka mutum 10,000 ne. Shekarun zaman lafiya biyun nan sun kawo abin da shekarun yaƙi ba su kawo ba, kuma Imamuz Zuhuri ya yi wannan lura tun da daɗewa.

Haka abin ya ci gaba a ƙasashen da aka buɗe. Addini ne da shigarsa kalmar shahada ce, ba wani limami da ya tsaya tsakaninka da Ubangijinka, gwamna da ɗan dako sahu ɗaya a sallah. Ga mutumin Farisa da aka haifa cikin tsarin da ɗan manomi ba ya taɓa zama komai sai manomi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

TAMBAYA: Malam an ce wai mutane gudun jiziya suka yi suka musulunta, wato talauci ne ya shigo da su. Ya abin yake?

AMSA: Akwai waɗanda hakan ya shafa, ba na musu, ɗan Adam ne. Amma mu san mene ne jiziyar tukuna, haraji ne da waɗanda ba musulmi ba ke biya a ƙasar musulmi. Namiji baligi mai iko ne ke biya sau ɗaya a shekara, ban da mata da yara da tsofaffi da marasa hali da masu ibadar da suka keɓe kansu. A Iraki zamanin Umar dirhami 48 ne ga mawadaci, 24 ga matsakaici, 12 ga mai aikin hannu, kuma mai biya ba a kiransa yaƙi. Mutanen nan dama suna biyan harajin kai da na gona ga Kisra da Ƙaisar, ba sabon abu ba ne a wurinsu. Wanda ya musulunta kuma zakka na jiransa. Ƙabilar Banu Taglib, Larabawa kiristoci, cewa suka yi sunan jiziya ne ba sa so, Umar ya yarda su biya ninkin zakka su zauna kan addininsu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a zamanin Banu Umayya hukuma ce ma ba ta murna da yawan masu musulunta, saboda kuɗin shiga na raguwa. Hajjaju bin Yusuf korar sababbin musulmi ya yi daga birane ya mayar da su ƙauyukansu aka ci gaba da karɓar haraji a hannunsu, abin da malaman Basra suka yi baƙin ciki da shi. Wannan zalunci ne kuma sunansa kenan. Sai da Umar bin Abdul'aziz ya hau a 717 ya hana, da wani jami'insa ya koka cewa baitulmali zai ragu ya ba shi amsar nan da ta shahara, cewa Allah ya aiko Muhammadu ne mai shiryarwa, bai aiko shi mai tara haraji ba. Mulkinsa bai kai shekara uku ba, bayansa wasu suka koma gidan jiya, kuma fushin waɗannan musulmi da ba Larabawa ba, mawali, yana cikin abin da ya ba juyin Abbasiyawa ƙarfi daga Khurasan. To ka ga mutane suna shiga addinin duk da ba a sauke musu harajin ba, ka ce gudun haraji ne kaɗai?

Abin duniya da ya fi jiziya tasiri a ganina shi ne harshe da aiki. Shekaru da dama ofisoshin gwamnati da Girkanci da Farisanci suke aiki, babban magatakardan Mu'awiya ma kirista ne, Sarjun bin Mansur. Abdulmalik bin Marwan ne ya mayar da diwani, wato rubuce-rubucen ofisoshin gwamnati, Larabci ya buga dinarin musulunci wajen 697. Daga nan duk mai son aikin hukuma ko ciniki a manyan birane sai ya koyi Larabci, ya zauna da musulmi, 'ya'yansa su tashi da 'ya'yansu, a hankali gida ya juya.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, duk labarin maza nake ji, mu ba mu da hannu a ciki ne?

AMSA: Haba 'yar'uwa, ai wadda ta fara yin imani Nana Khadija ce kuma dukiyarta ce ta riƙe kiran a shekarun wahala, wadda ta fara shahada Sumayya ce, Umar ta gidan ƙanwarsa Faɗima ya shigo. Ummu Sulaim da Abu Ɗalha ya nemi aurenta cewa ta yi musuluntarsa ce sadakinta. Addinin ya hana binne 'ya'ya mata da rai ya ba mace gado da ikon mallakar dukiyarta, mata sun ga wannan da idonsu. Bayan an buɗe ƙasashe kuma, aure yana cikin manyan hanyoyin da al'umma ta ƙaru, musulmi ya auri kirista ko bayahudiya ta zauna kan addininta amma 'ya'yan su tashi musulmi, dangin uwa kuma su zama dangi.

TAMBAYA: Akwai inda Musulunci ya shiga ba tare da runduna ta je ba kwata-kwata?

AMSA: Sosai ma ɗan'uwa. Indunusiya yau tana da musulmi sama da miliyan 200 kuma ba wani halifa da ya taɓa tura soja can don cin ƙasar, fatake ne na jiragen ruwa daga Larabawa da Farisa da Indiya suke zuwa sayen kayan ƙamshi, iskar teku ta sa dole su zauna watanni suna jiran ta juya, a nan ake aure ake ƙulla amana, malaman sufaye suka biyo baya. Kabarin Sarki Malikus Salih na Pasai a arewacin Sumatara yana ɗauke da shekarar 1297. Haka gaɓar gabashin Afirka da gaɓar Malabar a kudancin Indiya da tsibiran Maldib. Turkawan Bulgar na kogin Bolga ma sarkinsu ne da kansa ya aika wa halifan Bagadaza yana neman a turo masa masu koyar da addini, tawagar da Ibn Fadlan yake ciki ta isa can a 922.

Masu tambaya kan yadda Barbar na arewacin Afirka suka karɓi addinin bayan doguwar turjiya, har su ne suka zama mafi yawan rundunar Ɗariƙu, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba, maganar na da tsawo.